Koriyar Leda da Damisar Gidan Tseng

Shafi na 19

Masu bibiyata, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta ce in na ƙara kwana ban saki shafi ba za ta hau jirgin ƙasa ta zo Tainan ta tsaya a kaina. Ki yi haƙuri, 'yata. Da yatsa ɗaya nake bugawa, kuma ba na sakin layi sai na karanta shi sau biyu.

Ga wanda ya shigo mana yau: tsohuwar kwamfutar da ke juya injin surfanin shagonmu ta mutu. A cikinta zanen damisar marigayi mijina Kun-shan yake, wadda muke ɗinka wa haikalin unguwarmu a kan tutar zagayen shekara. Ɗana A-Fa ya yanke cewa zai sayar da injin ya rufe shagon, har ya ce wa Pan dillali ya zo da mota ranar Asabar bayan abincin rana. Jikata Wan-chen, wadda ke aiki a wani kamfanin kayan lantarki a Hsinchu, ta roƙi a ba ta safiyar Asabar ɗin kawai. A nan muka tsaya.

*

Da sassafe ta iso, jaka a baya, babban akwati a hannu. Na dubi akwatin, na dubi fuskarta.

Uwarta Su-lien ta tare ta a bakin ƙofa tana ɗaura hular babur.

"Kin rame," in ji ta.

"Mama, kullum haka kike cewa."

"To kullum ramewa kike yi. Kasuwa za ni. Mai kifi ta ce in kai mata hotonki, wai ɗan ƙanenta likitan haƙori ne."

"Ki ce mata haƙorana ƙalau suke."

"Ji bakinta! Shekara ashirin na yi a tsaye a masana'anta don ki zauna a kujera mai juyawa. Duk layin kasuwar nan sun san 'yata injiniya ce a Hsinchu. Ki bar ni in yi taƙamata."

Ta tayar da babur ta tafi. Wan-chen ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

A-Fa ya ja akwatin ciki, ya koma kujerarsa ta bakin ƙofa da kofin shayinsa.

"Kina da daga yanzu zuwa abincin rana," in ji shi. "Pan ba ya makara in dai ƙarfe zai ɗauka."

"Ya ishe ni, Baba."

Ta share teburin yanka, ta ajiye kwamfutar cinyarta, 'yar siririya mai ruwan azurfa. Ta kwance bayan matacciyar, ta zaro faifan ajiyarta, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi sabulun wanki girma ba.

"A-ma, duk zanen A-kong yana cikin nan," ta ce da ni. A-ma ni ce, A-kong kuwa haka take kiran kakanta.

Ta haɗa shi da waya. Wani koren layi ya fara rarrafe a kan allo.

"Kwafe shi nake yi dukansa, har ƙurar da ke ciki. Na asalin ba zan taɓa shi ba. In na yi ɓarna, a kan kwafi na yi."

"Daga nan fa?" na tambaye ta.

"Kin tuna ɗan ɗakin da A-kong ya yanka da katako a bayan shago, inda yake kwanciyar rana?"

"Ni na riƙe masa ƙusoshi."

"To irinsa zan yanka a cikin wannan kwamfutar. Ɗaki a cikin gida, da ƙofarsa da fitilarsa. Sai in kwantar da tsohuwar a ciki. In ta farka ba za ta san jikinta ya mutu ba. Za ta ɗauka a kan teburinta take kamar kullum."

A-Fa ya kurɓi shayi.

"Watan fatalwa bai kama ba, ke kin fara tayar mana da su."

"Baba, wannan fatalwar aiki za ta yi maka, kuma ba ta cin hadaya."

"Haka kowacce ke cewa da farko."

Na yi dariya har sai da na dafa tebur. Shi kansa a cikin kofi ya ɓoye bakinsa.

Da kwafin ya ƙare, ta shiga yankan ɗakin. Tana yi tana faɗa mini, domin ta san ina son a faɗa mini abu ko da rabinsa zan gane. Ta ce dole ta ɗebi wani kaso na ƙwaƙwalwar sabuwar ta ba tsohuwar, da wani kaso na wurin ajiya.

"Kaɗan zan ba ta. Tsohuwa ce, ba ta cin abinci da yawa."

"Kamar ni," na ce.

"A-bu," in ji A-Fa, don haka yake kirana, "faten kifin jiya wa ya ƙarasa shi?"

"Kai dai sha shayinka."

Wan-chen ta danna. Allon ya yi baƙi, wasu jajayen kalmomi suka fito, shi ke nan.

A-Fa ya miƙe ƙafa. "To. Fatalwa ta ƙi."

"Ba laifinta ba ne. Masu ƙera kwamfuta sukan bar wata ƙofa a kulle daga can ƙasa. Sai mai ita ya buɗe da kansa."

Ta kashe, ta kunna, ta dinga bugun maɓalli ɗaya da sauri kamar kaza ta sami tsaba. Wani shuɗin allo ya fito wanda ban taɓa gani ba. Ta bi shi layi-layi, ta juya kalma ɗaya, ta sake kunnawa.

"Ina ta kamfani?" in ji ubanta. "Baƙar nan mai ƙarfi da kike zuwa da ita?"

"Ta kamfani ba a yin aikin gida da ita. Doka ce."

"Da can ai kina zuwa da ita."

"Yau ban zo da ita ba."

Ya koma ga shayinsa.

Sai muka ji ƙarar. Ɗan kiɗan nan da tsohuwar kwamfutar take yi duk safiya in an kunna ta, wanda muka daɗe ba mu ji ba. Daga cikin siririyar ya fito, ta wata 'yar taga da ta buɗe a tsakiyar allo. Tagar ta haska. Ga hoton da Kun-shan ya sa a bangonta: Wan-chen tana rarrafe, zaune a kan wannan teburin na yanka, ta cusa zaren zinariya a baki.

Ban san na miƙe tsaye ba.

"Ta farka," na ce.

"Ta farka, A-ma."

A-Fa ya taso ya tsaya a bayanmu. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Tun daga nan take cin jarinmu," in ji shi.

"Kar kowa ya taɓa komai," in ji Wan-chen. "Zan ɗauki hoton ɗakin yadda yake yanzu. Ba hoton kallo ba. In abu ya ɓaci a gaba, sai in danna, mu dawo daidai nan kamar ba a yi komai ba."

Na ɗauka daga nan injin za ta nufa. Sai na ga ta fara yanka ɗaki na biyu.

"Wannan kuma na wa?" in ji ubanta.

"Nawa. Ɗakin aiki. Kayan rubuta manhaja zan zuba a ciki. Shi da kansa zai yi ta sauke su daga intanet ina haɗa wayoyi."

"Manhajar me?"

"Tawa. Wadda za ta karanta zanen A-kong ta mayar da shi yaren da sababbin injuna ke ji. Ko wannan injin ya kwanta wata rana, damisa ba ta mutu ba."

"Don me sai a ɗaki daban?"

"Don in na zubar da miya a can, kar ta ɓata nan."

A-Fa ya dube ta da kyau.

"Wannan ba aikin safiya ɗaya ba ne."

"A'a."

"Ba kuma aikin Asabar da Lahadi ba ne."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wayar injin, ta haɗa ta da kwamfutar, ta ce ta buɗe wa tsohuwar ƙofa don ta ga injinta. Sannan ta zuge akwatinta ta ciro koriyar leda.

Kowa a ƙasar nan ya san ta. Gugguru mai kwakwa, wanda ake liƙa wa na'ura don ta yi ladabi. Kore kawai, ba mai ruwan ɗorawa ba. Ba a ci, ba a kuma bari kwanan watanta ya wuce. Tamu ta kan tsohuwar kwamfuta kwanan watanta ya wuce ba mu lura ba. Ni dai abin da na sani, a makon kwamfutar ta mutu.

"Kawo in duba kwanan wata," in ji A-Fa. "Kar a maimaita."

Ta ɗan noƙe, sannan ta miƙa masa.

Ya juya ledar. Ya tsaya.

A kusurwoyinta huɗu akwai guntayen salatif da aka yage, bakinsu ya yi baƙi da ƙura.

"Wannan ba daga kanti take ba."

"Kwanan watanta bai wuce ba, Baba."

"Ban tambaye ki ba. Daga kan na'ura aka ɓamɓaro ta."

"Na liƙa musu sabuwa kafin in cire."

"Wan-chen." Ya ajiye kofin. "Babu mai hankalin da ke cire koriyar leda daga kan na'urar da ke aiki. Ko mai kamfanin ba ya yi. Mutum ɗaya ne ke cire tasa ya sa a jaka. Faɗa mini wane ne."

Ta dubi yatsunta.

"Wanda ba zai koma ba."

Na ji ƙarar fankar bango kamar yanzu aka kunna ta.

"Yaushe?" in ji shi.

"Jiya na mayar da katin shiga da baƙar kwamfutar."

"Korar ki aka yi?"

"A'a. Har sau biyu shugabana ya ce in sake tunani."

"Mutumin kirki! Ba ni lambarsa in roƙe shi ya faɗa miki na uku."

"Baba."

"Uwarki ta sani?"

"Da ta sani, da ka ji ta tun daga tashar jirgi."

Ya juyo kaina. "A-bu, da ke aka ƙulla?"

"Ni akwati kawai na gani."

"Kika yi shiru."

"Kai ma ka gan shi. Kai ka jawo shi ciki."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya yi zagaye ɗaya a tsakar shagon, ya dawo.

"To. Buɗe manhajar surfanin. In injin ya ɗinka, mu yi magana. In bai ɗinka ba, Pan ya ɗauki ƙarfensa, ke kuma ki hau jirgin yamma ki je ki ba mutumin nan haƙuri."

"Na yarda."

"A gaban kakarki."

"A gaban A-ma na yarda."

Ta karɓi ledar ta ajiye kusa da kwamfutar, ta danna hoton allura a cikin 'yar tagar. Manhajar ta buɗe, ta nuna fuskarta, wani ɗan saƙo ya fito, ta rufe kanta.

Ta sake. Haka.

Ta cire wayar injin ta mayar. Haka.

Ta koma ga hoton ɗakin da ta ɗauka, ta faro daga can. Ta ƙara wa tsohuwar ƙwaƙwalwa, ta rage mata. Ta leƙa nan, ta leƙa can. Manhajar ta ci gaba da buɗe ido tana rufewa kamar mai jin barci. Ƙamshin girkin maƙwabta ya fara shigowa. Gumi ya jiƙa mata ƙeya.

"Komai daidai yake," ta ce, ba da kowa take ba. "Faifan lafiya. Wayar lafiya. Me take so?"

Na dubi ɗana.

Tun yana yaro, in ya san inda aka ɓoye abu, kunnensa na hagu yake ja. Yana tsaye yana jan kunnen, idonsa a kan kusurwar 'yar tagar, can ƙasa daga dama.

"A-Fa."

"Na'am."

"Saki kunnen nan ka faɗi abin da ka sani."

"Ban san komai ba."

"Ni na haife ka."

Kafin ya amsa, mota ta yi ƙugi a waje, aka buga ƙofar ƙarfe.

"Masu gida! Ina marar lafiyar?"

Pan dillali ne, tawul a wuya, safar hannu a aljihu.

"Pan, shigo ka zauna," na ce. "Ba a ɗaukar ƙarfe da busasshen maƙogwaro."

"A-ma, a kan jan layin da aka hana tsayawa na ajiye mota. In 'yan sanda suka zo ke za ki yi musu bayani."

"Zan yi. Duk na san iyayensu."

Na zuba masa shayi, na tura masa farantin gyaɗa. Ya zauna yana ƙare wa injin kallo kamar mahauci ya ga sa.

A-Fa ya matsa kusa da 'yarsa, ya rage murya.

"Dubi wuyana. Ba ya juyawa hagu. Dubi idona, sai da gilashi biyu nake zura zare. Ina saurayi kakanki ya ce in taya shi zuwa bayan bikin haikali. Ga ni nan har yau, bikin bai ƙare ba."

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki bar kujera mai juyawa ba."

"Kai ce maka aka yi ka zauna. Ni ba wanda ya ce mini. Da ƙafata na zo."

"Ƙafar ce ba ta da hankali."

"A can, shekaru ina gyara abin da ban taɓa gani da idona ba. In na gama, a ce madalla, a ba ni wani. Tutar A-kong kuwa in an fito da ita, tun daga bakin titi ake cewa ga damisar Tseng nan."

"Damisa ba ta cika tukunya."

"Gidan Kuo fa? Gidan Yeh fa? Duk zanensu yana kulle a cikin matattun kwamfutoci irin tamu. Kowannensu zan iya yanka masa ɗaki. Na riga na yi magana da su."

"Har kin yi magana da su."

"Jira suke su ga tamu ta tashi."

Hannunsa ya koma kunne.

Ba na yawan sa baki tsakanin uba da 'yarsa. Amma ranar na sa.

"A-Fa, saurare ni. In ka yi shiru injin nan ya tafi, ba tsufa ne ya ɗauke shi ba, kai ne. Yarinyar nan za ta gano abin, ko gobe ko wata mai zuwa. Ka san za ta gano. Ranar me za ka ce mata?"

Pan ya daina tauna gyaɗa.

A-Fa ya dubi injin. Ya dubi jaririyar da ke cin zare a kan allo. Ya sauke numfashi mai tsawo.

"Agogo," in ji shi.

"Agogo?" in ji Wan-chen.

"Wanda ya rubuta manhajar nan da shekarar ƙasa ya yi lissafi, ba ta Turawa ba. Kuma gurbi biyu kawai ya bar mata. Casa'in da tara ce iyakarta."

Ta buɗe baki. "Mu kuwa mun wuce ɗari tuni."

"Ranar da aka shiga ta ɗari, kwanciya ta yi kamar yadda kike gani. Kakanki ya kusa zaucewa. Masu manhajar sun daɗe da rufewa, babu wanda za a kira. Sai ya mayar da agogon kwamfutar baya da shekara guda, ta miƙe. Tun daga nan, duk ƙarshen Disamba sai ya mayar da shi baya. Da ya rasu, ni na ci gaba. A cikin kwamfutar nan ba a taɓa fita daga casa'in da tara ba."

Ni ban taɓa sani ba. A shekarun nan ban iya karatu ba tukuna, duk abin da ke kan allo ɗaya yake a idona.

"Tun yaushe ka gane shi ne?" in ji Wan-chen.

"Tun buɗewar farko."

"Baba!"

"Ki gyara, Pan yana jira."

Ta shiga kusurwar, ta mayar da shekara baya. Kafin ta ɗauke hannu, lambar ta yi tsalle ta dawo ta yau.

"Kin gani," in ji A-Fa. "Fatalwa ma ta san shekara."

"Leƙe take yi," in ji ta, tana dariya. "Ɗakin yana leƙen agogon gidan ta taga. Bari in ja mata labule."

Ta kashe 'yar tagar, ta rubuta wasu layuka, ta ce ta raba agogon ɗakin da na gidan, ta kuma ɗaure shi yadda duk sa'ad da aka kunna, a casa'in da tara zai farka.

"Ba sai ka ƙara tuna Disamba ba," ta ce wa ubanta.

Na ga haɓarsa ta motsa.

Ta kunna. Kiɗan ya sake fitowa. Ta danna hoton allura.

Manhajar ta buɗe.

Ba ta rufe ba.

Wan-chen ta bi sunayen zane har ta kai ga wanda take nema. Sai ga ta ta cika 'yar tagar: damisar Kun-shan, a durƙushe, ƙafa ɗaya a ɗage, wutsiya ta naɗo ta kan baya.

"Kai!" in ji Pan. "Ashe ta gidan nan ce? Tun ina ɗan makaranta nake bin tutar nan."

Wan-chen ta ɗauko jan siliki ta fara ɗaurawa a zoben injin. A-Fa ya kalle ta, ya kawar da kai, ya sake kallo.

"Ba haka ba. Zai tattare. Matsa."

Ya karɓa. Ya ja kyallen ta kusurwa huɗu har ya yi tauri kamar fatar ganga. Ya sa gilashinsa na biyu a kan na farko, ya zura baƙin zare da na zinariya. Sannan ya ja baya ya harɗe hannu.

"Danna."

Ta danna.

Injin ya yi tari. Kansa ya matsa hagu, ya matsa dama, kamar mai neman inda ya tsaya. Allura ta sauka.

Wanda bai zauna da injin surfani ba, ba zai san daɗin ƙarar nan ba. Da wutsiya Kun-shan yake farawa, ido ne ƙarshe. Muka tsaya mu huɗu muna kallon ratsin farko yana fitowa a kan jan siliki, baƙi, zinariya, baƙi.

Wan-chen ta fara ɗaukar hoton ɗakin kafin ta yarda ta yi murmushi.

Pan ya goge wuya da tawul.

"To ni me zan ɗauka?"

A-Fa ya nuna masa gawar tsohuwar kwamfutar a gefe.

"Ɗauki waccan. Kyauta. Ka haɗa da haƙurina."

"Babbar mota na kawo, da igiya, da katakon jingina, don in ɗauki abin da zan sa a hammata?"

"Ɗauki gyaɗar ma," na ce.

Ya kwashe gyaɗar a aljihu, ya rungumi kwamfutar, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙara duban allurar.

"In an gama tutar a kira ni in gani," in ji shi, ya fita.

A-Fa ya buɗe aljihun tebur ya ciro sabon salatif. Ya ɗauki koriyar ledar, ya sake duba kwanan watanta, ya liƙa ta a kan injin da hannunsa. Ya bi kowace kusurwa da babban yatsa ya danne.

"Zuwa bayan bikin haikali," in ji shi, bai dube ta ba.

"Haka A-kong ya ce maka."

"Shi ya sa na san abin da nake faɗa."

Ta rungume shi ta baya. Ya ce ta sake shi, wuyansa na ciwo, amma bai ture ta ba.

"Abu ɗaya," in ji shi. "Ke za ki faɗa wa uwarki."

"Baba, tare dai."

"Ni na faɗi nawa sirrin yau. Kowa da nasa."

Sai muka ji babur ya tsaya.

Su-lien ta shigo da gefe, leda a kowane hannu, hular babur a kai. Ta ji ƙarar injin ta ƙame.

"Ya tashi? Ya tashi! Ban ce ba? Na ce wa mai kifi, abin da ya gagari garin nan 'yata za ta gama shi kafin shinkafa ta nuna!"

"Mama..."

"Ga kifi sukutum na sayo. Ga kuma busasshen mangwaro ki kai wa abokan aikinki ranar Litinin, har da na shugabanku daban. Likitan haƙorin ma na ga hotonsa, ba laifi, sanƙo ne kaɗan."

Ta matso tana leƙen ratsin damisa, fuskarta cike da fara'a. Daga siliki idonta ya hau kan injin. Ya tsaya a kan koriyar ledar.

Matar da ta yi shekara ashirin a masana'anta ba a koya mata duban leda.

Ta sa farce a kusurwa, inda baƙin tsohon salatif ya leƙo ta ƙarƙashin sabo. Ta dubi siririyar kwamfutar. Ta dubi babban akwatin da ke buɗe a ƙasa, rigunan sanyi a ninke a ciki, ga mu a tsakiyar zafi.

A hankali ta cire hular babur.

"Wan-chen. Daga kan na'urar wa aka ciro wannan?"

Na juya neman A-Fa. Kujerarsa ce kawai, da kofin shayi, labulen ɗakin baya yana motsi.

Su-lien ta ajiye kifin a kan teburin yanka.

"Ke nake tambaya."